Suna, Launi da Tambari: Amsoshin Tambayoyin Masu Shagon Kayan Abinci

Mun daɗe muna zana tambari da takardar liƙawa ga masu ƙananan sana'o'in abinci a Kano: masu kantin kayan masarufi, masu kilishi da dambun nama, matan da ke daka yaji da garin kunu a cikin gida, masu zoɓo da kunun aya. Tambayoyin da ake yi mana kusan iri ɗaya ne, ko a baki ko ta WhatsApp. Ga su nan da amsoshinsu, yadda muke bayarwa idan mutum ya zauna a gabanmu.

Shagona ƙarami ne, kuma kowa a unguwa ya san ni. Me zan yi da tambari?

Muddin kana zaune a bakin shagonka, Alhaji, fuskarka ta wadatar. Tambari yana fara aiki ne daga lokacin da kayanka suka bar hannunka. Wata Hajiya da ke daka yajin daddawa ta taɓa ba mu labarin abin da ya kawo ta wurinmu. An sayi robobi talatin a wurinta, aka raba wa 'yan biki da suka zo daga Kaduna da Jos. Bayan wata biyu yajin ya ƙare a gidajen, mata suka shiga cigiya. Robar fara ce fat, babu suna, babu lambar waya. Sai da aka bi ta uwar amarya, ita ta bi ta ƙanwarta, kafin mutum uku kacal suka iso gare ta. Sauran sun haƙura sun sayi na wani. Yajinta ya yi aikinsa, robar ce ba ta faɗi ko na wane ne ba.

Idan duk abin da kake sayarwa awo ne a mudu ga maƙwabta, allo mai kyau a saman ƙofa ya ishe ka. Ranar da ka fara ƙulla kaya a leda ko roba su yi tafiya, ranar kake buƙatar alama.

Mene ne bambancin tambari da abin da kuke kira kamannin shago?

Tambari shi ne ƙaramar alamar nan da sunan da ke tare da ita. Kamannin shago kuwa ya haɗa duk abin da ido ke gani: launin ƙofa da allo, irin rubutun da ake amfani da shi, ledar da ake zuba kaya, rasit, rigar yaron shago, hoton da ke kan lambar WhatsApp. Abin da ake nema shi ne su zama 'yan ɗaki ɗaya. Wanda ya ga ledarka a hannun wani a Sabon Gari, in ya biyo ta layinku ya gane ƙofarka tun kafin ya karanta allon.

Ta yaya zan gane tambari ya yi kyau?

Wannan ita ce tambayar da muka fi son a yi mana, domin yawanci mutane suna auna tambari ne da yadda ya burge su a fuskar waya, alhali ba can zai yi rayuwarsa ba.

Ka tuna wanda yake zuwa sayayya a mafi yawan gidajenmu. Ba uwargida ba ce, ba maigida ba ne. Yaro ne aka miƙa wa kuɗi a zaure, ko almajirin gida, aka ce masa je ka sayo kaza. Saƙon da baki ake bayar da shi. Shi ya sa tun da can mutanenmu suke raɗa wa kaya suna da hoton da ke jikinsu: magi mai tauraro, batir mai kan damisa. Kamfanonin ba su ne suka ce a kira su haka ba, jama'a ne suka duba abin da ke jikin kwalin suka faɗa da Hausa. Ko a ranar zaɓe, tsohuwar da ba ta karatun boko lema take nema ko tsintsiya a jikin takarda. Saboda haka awon farko da muke yi wa kowane zane shi ne awon ɗan aike: za a iya faɗinsa da kalma ɗaya ko biyu? "Yajin nan mai turmi." "Garin kunu mai zakara." Idan zanen wasu layuka ne da suka sarƙe, ko haruffan farkon sunanka guda uku a cikin da'ira, babu abin da uwar gida za ta faɗa wa yaro, shi kuma babu abin da zai nema a kan kanta.

Muna yin wannan awon da gaske. Mukan buga zanen a takarda, mu nuna wa yaro ɗan shekara takwas ko tara na ɗan lokaci, mu kife, mu ce me ka gani? In ya ce ƙwarya ce da ludayi, an dace. In ya yi shiru yana juya kai, mu koma kan zane.

Bayan wannan akwai awo uku masu sauƙi. A liƙa shi a bango a ja da baya taku ashirin, kamar mai wucewa a Adaidaita Sahu. A ƙanƙantar da shi ya koma girman ƙwayar goro, domin haka zai fito a murfin roba da zagayen hoton WhatsApp. Sannan a buga shi da baƙar tawada zalla. Tambarin da sai da launi bakwai da inuwa da ƙyalli yake fitowa zai mutu a jikin hatimi da rasit.

Wane irin suna ya kamata in sa? Na Hausa ko na Turanci?

Suna linzami ne, kuma ya fi zane wuyar canzawa, don haka a nan ya kamata ki fi daɗewa, Hajiya. Ki duba masu sayen kayanki. Idan matan unguwa ne da 'yan biki, sunan da harshensu zai ɗauka ba tare da tuntuɓe ba shi ne naki. Mun ga sunayen Turanci masu tsawo da aka kashe kuɗi aka buga, amma har gobe kwastomomi "yajin Maman wance" suke cewa. Idan jama'a sun riga sun raɗa miki suna, kada ki yi saurin yar da shi, shekaru kika yi kina gina shi ba ki sani ba.

Sunaye irin Alheri, Albarka, Nasara da Rahama suna da daɗi kuma suna ɗauke da fata nagari, sai dai ki zaga Kasuwar Singa ko Dawanau ki ƙirga allunan da ke ɗauke da su. Wanda aka ce ya je shagon Alheri zai tambaya, wanne daga ciki? Ana iya haɗa irin wannan kalma da wani abu naki na kanki, ko a nemo suna daga cikin sana'ar: turmi, rumbu, tukunya, faifai, akushi, murhu. Waɗannan suna da wata fa'ida, sunan da kansa yake ba da hoton da za a zana.

Kada kuma sunan ya ɗaure ki. Wadda ta sa wa sana'arta sunan yaji zalla za ta ji nauyi ranar da ta fara garin ɗanwake da kuka da kuɓewa busasshiya.

Sunan gari ko unguwa yana da ƙarfi idan gaskiya ne. Mutumin Kano ya san abin da ake nufi da kilishin Agadasawa, kamar yadda duk mai harkar gwari ya san albasar Galmi. Amma in ba can kike yi ba, kada ki ara. Ranar da aka gane, da sunan da amanar za su tafi tare.

Sunan shagona yana da ƙ da ɗ. Mai bugu ya ce in rubuta da k da d kawai, wai duk ɗaya ne.

Ba ɗaya ba ne. Ƙofa daban, kofa daban. Ɗaki ba daki ba ne, kuma ɓarawo in an cire masa ƙugiya ya zama wata kalmar da ba ta da ma'ana. Abin da ke faruwa shi ne yawancin salon rubutun da ke cikin kwamfutocin masu bugu ba su da ɓ, ɗ, ƙ, sai harafin ya fito a matsayin akwati, ko ya fito da wata siffa dabam da 'yan uwansa. Maganin yana da sauƙi: tun farko a zaɓi salon da ke ɗauke da su, irin Noto Sans, Andika ko Charis, waɗanda kyauta ake samunsu. Idan kuma salon da ka ƙallafa rai a kai ba shi da su, mai zane zai iya ƙera ƙugiyar da hannu ta dace da sauran haruffan. Daga nan sai ya mayar da rubutun zane, yadda ko an buɗe shi a wace kwamfuta ba zai sauya ba. Masu sayarwa a Maraɗi da Damagaram su tuna da ƴ, wadda a Najeriya ake rubutawa 'y.

Mu a ganinmu ƙugiyar nan ado ce. Sau da yawa ita ce abin da ke sa sunan Hausa ya fita daban a tsakiyar kayan kamfanoni a kan kanta.

Ina so in sa Bismillah ko wata aya a jikin ledar don albarka. Ya kuka gani?

Muna ba da shawarar kada a yi, kuma muna faɗa da dukkan girmamawa. Ka bi ledar da ido bayan an juye abin da ke ciki. Kwandon shara za ta, daga nan bola ko kwata, ana takawa. Babu mai son sunan Allah ya ƙare a can ta dalilinsa. Haka nan a kula da sunayen da ke ɗauke da sunan Ubangiji a cikinsu idan za a rubuta su da harafin Larabci. A rataye addu'a a cikin shago inda za a mutunta ta, a bar leda da sunan kaya.

Rubuta sunan shagon da ajami kuwa abu ne mai kyau idan masu sayenka suna karanta shi, kuma akwai dattawa da 'yan kasuwa da yawa da ajami ya fi musu boko sauƙi. Sai dai a ba wanda ya iya ya rubuta, a kuma ba wani malamin ya duba kafin a buga. Manhajojin zane da dama suna wargaza haruffan Larabci, su raba su ɗaya-ɗaya ko su juya su ta hagu.

Zan iya sa Dagin Arewa?

Za ka iya, amma ba zai zama naka ba. Dagin yana jikin gine-gine, riguna, ƙofofi, motocin haya da tamburan ƙungiyoyi ba adadi. Yana cewa kai ɗan Arewa ne, bai ce ga abin da kake sayarwa ba. In kana ƙaunarsa, a sa shi a matsayin ado a gefen kwali.

Gidanmu cike yake da abin zana da ba a taɓa ba: zanen jikin ƙwarya, saƙar faifai mai launi-launi, zankon da ke saman soro, ƙirar tulu, aska takwas ta babbar riga, shuɗin baba na marinar Ƙofar Mata. Wata mai fura da nono mun ɗauko mata zagayen faifan da take rufe ƙwaryarta da shi, muka rage shi ya koma zobe uku. Duk wanda ya gani ya san faifai ne, kuma ko a murfin roba yana fitowa.

Wane launi ya fi dacewa da kayan abinci?

Babu launin da aka yanka wa abinci. A fara da kallon kayan da kansu, domin yawanci a leda ko roba mai nuna ciki ake zuba su. Jar takarda a jikin gorar zoɓo ɓacewa take yi. Ruwan ƙasa a kan kilishi ko ƙuli-ƙuli haka. Fari ko ruwan ɗorawa ne ke tashi a kansu. Garin kunu da gero masu haske kuwa suna son launi mai duhu, kore ko shuɗi.

Sai a leƙa maƙwabta. In shaguna huɗu a layinku duk ja da rawaya suka yi, kai ka yi kore. Launi biyu sun isa, na uku in ya zama dole. Kowane ƙarin launi ƙarin kuɗi ne a wurin masu buga leda, domin kowanne da farantin bugunsa.

Abu biyu da ba a cika faɗa wa mutane ba. Na farko, launin da ka gani a waya haske ne, na takarda tawada ce, ba sa taɓa zama daidai. Shuɗi mai ƙyalli da kore mai haske su ne suka fi dusashewa idan an buga, saboda haka kada ka amince da aiki sai ka riƙe samfurin bugu a hannunka. Na biyu, ranarmu ba ta raga wa ja da ruwan hoda, su ne ke fara koɗewa a allon da ke fuskantar rana. A garin da launi da alama ke da ma'anar siyasa kuma, a yi hattara. Jar hula a Kano magana ce, haka tsintsiya da lema. Shagon abinci na kowa ne.

In sa hotona a jiki?

Hoton fuska ba ya ƙanƙancewa da kyau, ba ya fita a hatimi, kuma shi ma a bola zai ƙare. Mata da yawa ba sa so, wasu kwastomomin ma ba sa son shigar da hoton mutum gida. Zanen kayan aiki ko na abincin ya fi.

Ɗana ya ce zai haɗa mini a waya da manhajar zane ta Canva, ko ya sa manhajar nan mai ƙirƙirar hoto ta yi. Me ya sa zan biya mai zane?

In jari bai kai ba, ya haɗa miki, ya fi farar roba nesa ba kusa ba. Sai dai ki san iyakarsa. Hotunan da ke cikin Canva na kowa ne, mai shago a Zariya ko Legas zai iya ɗaukar irin naki sak, kuma ƙa'idar kamfanin ba ta yarda a yi wa tambarin da aka haɗa da hotunan rumbunsu rajistar mallaka ba. Manhajojin ƙirƙirar hoto kuma sukan ba da zane mai tarkace da yawa, su lalata rubutun Hausa, kuma hoton ba ya buɗuwa ya yi girman allo ba tare da ya farfashe ba. Idan ɗanki zai yi, ya tsaya ga suna da rubutu mai kyau da launi ɗaya.

Abin da ba mu yarda da shi ba ko kaɗan shi ne a ɗauko tambarin wani kamfani a intanet a canza suna. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma yana iya jawo takardar lauya.

Idan na biya mai zane, me ya kamata ya miƙa mini?

A nan ake yawan cutar masu ƙananan sana'a. Wani mai kanti ya zo mana da hoton tambarinsa da aka tura masa ta WhatsApp shekara uku da suka wuce, shi ke nan abin da yake da shi. Wanda ya zana ya bar gari, lambarsa ba ta shiga. Da aka buɗa hoton don yin allo sai ya zama dishi-dishi, dole aka sake zana shi daga farko, ya biya sau biyu.

Ka karɓi ainihin fayil ɗin da ake iya buɗawa kowane girma, wato SVG ko PDF, da na CorelDraw tunda shi yawancin masu bugu a nan suke aiki da shi. Ka karɓi PNG marar bango don waya. A ba ka mai launi, da baƙi zalla, da fari don ɗorawa a kan duhu. A rubuta maka lambobin launukan da sunan salon rubutun a takarda guda. Ka adana su a imel, kada ka bar su a waya kaɗai.

Sannan ku yi 'yar takarda. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, zane na wanda ya zana ne tun asali sai in an yi yarjejeniya, kuma miƙa mallaka sai a rubuce. Layi biyar sun isa: wane ya zana wa wane, an biya nawa, mallaka ta koma hannun mai shago, sa hannu da kwanan wata. Ku kuma yanke tun farko sau nawa za a yi gyara a cikin kuɗin.

Na yi rajista da CAC. Ai sunan da tambarin sun zama nawa ko?

Rabin hanya ka zo. Rajistar sunan kasuwanci a Hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, tana ba ka damar yin kasuwanci da buɗe asusun banki da wannan suna, kuma ba za a yi wa wani rajistar irinsa sak ba. Ba ita ce ke kare tambarin da ke jikin kayanka ba. Wannan aikin ofishin rajistar alamun kasuwanci ne da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja. Ana fara bincike a ga ko wani ya riga ka, a shigar da takarda, in an karɓa a buga a mujallar ofishin, a jira wata biyu ko akwai mai ja, sannan a ba da shaida. Rajistar farko shekara 7 take yi, daga nan ana sabuntawa duk shekara 14.

Kaya an kasa su rukuni 45, kuma kowane rukuni da nasa neman. Kilishi, dambun nama, madara da man girki suna rukuni na 29. Shinkafa, gari, yaji, zuma da ganyen shayi suna na 30. Zoɓo da sauran abin sha marar sa maye suna na 32, hidimar sayar da kaya a shago kuma na 35. Ka fara da rukunin da ya fi kawo maka kuɗi.

Tsarin da muke ba kowa shi ne a duba sunan a shafin CAC tun kafin a zana komai. Mun sha ganin an buga leda dubbai sannan aka tarar sunan yana da mai shi. A kuma guji kalmomin da ke nuna alaƙa da gwamnati ko tarayya, waɗannan sai da izini na musamman.

Ina kai kaya Maraɗi da Yamai. Rajistar Najeriya ta isa?

Ba ta tsallaka iyaka. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar rajistar alamun kasuwanci da haƙƙin ƙirƙira mai hedikwata a Yawunde, wadda aka kafa da yarjejeniyar Bangi ta 1977. Rajista ɗaya a can tana aiki a ƙasashe 17, har da Chadi, Kamaru da Benin, tsawon shekara 10. Najeriya ba ta ciki. Masu kilishi su lura cewa ƙungiyar ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajistar asalin wuri, don haka ba a rubuta waɗannan sunaye a kan kayan da ba can aka yi su ba. In kasuwarka ta can tana da ƙarfi, a bar wuri a takardar don Faransanci.

Me ya wajaba ya fito a takardar liƙawa ban da tambari?

Duk abincin da aka sarrafa aka rufe a mazubi don sayarwa yana ƙarƙashin Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Takardar za ta nuna sunan abincin, abubuwan da aka haɗa shi da su daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, nauyi ko yawan abin da ke ciki, suna da adireshin mai yi, ranar da aka yi, ranar da zai daina amfani, lambar rukunin da aka yi tare, da lambar rajistar hukumar idan an samu. Mukan bar gurbi fari don kwanan wata, a riƙa bugawa da ɗan hatimi, kada a sake buga takarda duk sati.

Muna roƙon masu kilishi da yaji su rubuta cewa akwai gyaɗa a ciki. Labun kilishi da tunkuza ake yinsa, yajin tsire da ƙuli, kuma akwai mutanen da gyaɗa ke kwantarwa asibiti, musamman in kayan za su yi nisa. Kada kuma a ƙirƙiri lambar NAFDAC ko a ari ta wani, laifi ne babba. Mu ba ma buga ta sai mun ga takardar shaida. Haka ba ma rubuta cewa abinci yana maganin ciwon suga ko hawan jini.

Manyan kantuna sukan nemi lambar nan mai zane-zanen layi da ake haskawa a wurin biya. Daga GS1 Nigeria ake samunta, lambobin Najeriya da 615 suke farawa.

Wace irin sitika zan buga?

Kayanki ne za su faɗa. Sitikar takarda ta fi araha kuma ta wadatar ga busasshen gari. A jikin gorar zoɓo ko kunun aya da za ta kwana cikin ƙanƙara, kafin azahar ta jiƙe ta saɓule, tawadar ta bi hannun mai sha. Wannan sai ta roba. Kilishi, dambu da ƙuli suna fitar da mai, man yana ratsa takarda ya bar tabo, saboda haka a liƙa a wajen leda mai kauri. Kafin ki ba da aikin dubu, ki karɓi guda goma, ki liƙa, ki jefa ɗaya a kula mai ƙanƙara, ki ajiye ɗaya a rana kwana uku, ki murza ɗaya da hannu mai maiƙo. Araha ba ta ado idan rabin sitikar ta zube a hanya.

Kuɗina kaɗan ne. Da me zan fara?

Suna da rajistarsa, sai tambari mai launi ɗaya, sai hatimin roba mai ɗauke da tambarin da lambar waya. Da hatimi guda za ka buga a rasit, a takardar ƙunshi, a farar sitika. Bayan haka allon ƙofa. Mai fenti na unguwa da ya iya hannunsa zai zana maka shi a bango, kuma fentin mai yakan fi ƙyallen roba da ake bugawa jure rana da ƙurar hunturu. Leda mai suna ita ce ta ƙarshe, domin masu buga ta ba sa karɓar aiki kaɗan.

Wani a kasuwa ya kwaikwayi ledata. Me zan yi?

Ka sayi nasa ka ajiye da rasit, ka ɗauki hoto. Ka fara da hanyar da aka saba, a je wurin shugabannin kasuwa ko a sa dattijon da yake jin nauyinsa ya yi masa magana, da yawa a nan suke ƙarewa. In ya ƙi, lauya ya rubuta masa. Mai takardar rajistar alama yana da ƙarfi sosai a Babbar Kotun Tarayya. Wanda ba shi da ita sai ya kawo hujjar cewa jama'a sun san shi da alamar tun kafin wancan, shi ya sa muke cewa a adana tsofaffin rasit na bugu da hotuna masu kwanan wata.

Na gaji da tambarina, ina so in canza.

Kai ne kake ganinsa kullum, kwastoma bai gaji ba, watakila ma yanzu ya fara riƙe shi. In akwai dalili na gaske, kamar rubutun ba ya karantuwa ko ya yi kama da na wani, a gyara amma a bar abin da ake kiranka da shi. Idan "mai zakara" ake ce maka, zakaran ya zauna, a gyara masa tsayuwa kawai. A watannin farko a rubuta a jikin sabuwar ledar cewa kayan nan ne dai, riga aka sauya, kuma a ƙarar da tsohuwar leda kafin a fito da sabuwa don kada a ɗauka ɗaya jabu ce.

Me zan zo da shi ranar da za mu fara zama?

Ki zo da kayan da kansu a cikin mazubin da kike sayarwa, har da mafi ƙanƙanta, domin a kansa za mu auna zanen. Ki ɗauko hoton ƙofar shagon daga tsallaken titi da na shagunan da ke gefenki. Ki rubuto sunaye uku da kike so, da sunan da kwastomomi suke kiranki da shi yanzu. In da hali ki taho da yaron da ya fi yi miki aike, shi za mu fara nuna wa zanen.